Gidan da Ya Juya wa Rana Baya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune a gidan nan na unguwar Elwood, kuma duk lokacin sanyi sai na ɗauki kujera da jarida na shiga banɗaki shan hantsi. Ba ni kaɗai ba, duk mutanen gidan haka suke yi, sai dai ba kowa ke faɗa ba. Sashe takwas ne, huɗu a ƙasa huɗu a sama, kowanne da falo mai tagar gilashi tun daga ƙasa har rufi, ga baranda mai lanƙwasa da masu ɗaukar hoto ke tsayawa a titi suna kallo. Amma falukan nan duka kudu suke kallo. Rana kuwa a birnin Melbourne, nan kudancin duniya, ta arewa take bi, can inda mai zanen gidan ya jera mana banɗakuna da matakala.

Kowa a unguwar ya san labarin. Emil Lanzer, Bayahude mai zanen gini, ya gudo daga birnin Vienna na Turai da matarsa da 'yarsa a farkon 1939. A ƙasarsu ta kudu rana ke bi, duk mai zanen gini da ya san aikinsa kudu yake buɗe wa tagogi. Mutumin ya sauko daga jirgin ruwa, aka ba shi aiki, ya zana abin da hannunsa ya saba. Ya manta cewa ya tsallako ɗaya ɓangaren duniya. Sauran masu zanen da suka gudo tare da shi sun cika unguwannin St Kilda da Caulfield da gidajen da ake alfahari da su, shi kuwa har yau malamai suna kawo ɗalibai ƙofar gidanmu don su nuna musu abin da ba a yi.

Ni ce shugabar kwamitin gidan, ba don ina so ba, don dai ba wanda ya yarda ya karɓa. Sunana Fela Grinblat. Shekara arba'in na yi ina yankan yadi a Flinders Lane, layin masu ɗinka tufafi, kuma aikin ya bar mini hali ɗaya: in na ga abu sai na san dalilin da aka yanka shi haka.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bangon bayan gida. Daga falukanmu akwai tsakar gida mai taku goma sha biyu, sannan bango, dogo, ya kusa kai rufin bene tsawo, an ɗan lanƙwaso gefunansa ciki. Ba ya riƙe da komai. Bayansa lungun masu kwasar shara ne kawai. Tun zuwana na same shi a lulluɓe da yaɗo mai duhun ganye, ko tubali ɗaya ba a gani. Mutumin da ya auna ƙaramar ƙofar ajiye madara ta ɗauki kwalba biyu cif, ya sa hannun matakala ya zauna a tafin mutum daidai, me zai sa ya ɓata tubali haka a banza?

A watan Mayu wani kamfani ya ce zai sayi gidan ya rushe. Doka ta ce sai mu takwas ɗin duka mun sa hannu. Kosta Manolis na sashe na biyar, tsohon direban tasi, shi ya riƙa zagawa da takardar, kafin mako biyu ya samu mutum shida. Ya tare ni a matakala ina hawa da kayan cefane.

"Shugaba, saura ke da Mis Lanzer."

"Na ji. Matsa mini in wuce."

"Zo ki ga takalman matata Eleni tukuna. Fumfuna ta mayar da su kore shar. Matar nan tun Afrilu take tari. Jiya a banɗaki na ci abincin rana, Fela, ni da shekara saba'in, faranti a kan gwiwa."

"Ai ka more, kujerar a ajiye take."

"Yi ta zolaya. Gidan nan a baibai aka ɗinka shi, ke da kike tela kin fi kowa sani."

"Ni ba tela ba ce, mai yanka ce."

"To, mai yanka, a baibai aka yanka shi."

Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Ni ma bangon ɗakin kwanana ya yi baƙi ta ƙasa. Amma a gidan nan mijina ya rasu, a nan na san kowane tsani na matakalar ko ido a rufe, ba na son in ƙare a wani akurki a hawa na goma sha biyu. Sai dai ba zan zama ni kaɗai na tsare mutum bakwai cikin laima ba. Na ce masa, in Hedi ta sa hannu, ni ma zan sa.

Hedi Lanzer 'yar mai zanen ce. Shekararta tamanin da biyu, kuma tun tana 'yar shida take sashe na ɗaya, a ƙasa. Ba a zuwa wurinta sai ƙarfe huɗu daidai, in ka wuce da minti biyar za ka samu ta mayar da kofinka cikin kabad. Na je huɗu saura minti ɗaya na tsaya a ƙofa har agogo ya buga. Fitilar falonta a kunne da rana tsaka, kamar kullum. Ta zuba mini kofi, ta yanko kek, sannan na ga alƙalamin Kosta a kan tebur, a kan takardar.

"Ranar talatin ga Yuni zan sa," in ji ta. "Na ce masa ya bar ni in gama kwashe littattafai."

"Gidan mahaifinki ne fa, Hedi."

"Kuskuren mahaifina ne. Kin san abin da yara ke kirana a makaranta? 'Yar mai gidan baibai. Shekaran jiya wani malami ya tsaya nan bakin taga da ɗalibai ashirin, yana nuna falona da sanda, suna dariya, ni ina zaune a ciki da fitila. A rushe, ko a bar Papa ya huta."

"Bai taɓa yin maganar ba?"

"Papa? Ya ce ya yi kuskure? Ko gishiri ya zuba a kofi sai ya shanye ya ce haka ake sha a Vienna."

Na ce, "Bangon bayan nan fa? Na mene ne?"

Ta ajiye kofinta da ƙarfi. "Na azabtar da ni ne. Duk shekara kafin Idin Ƙetarewa, 'yan'uwanmu Yahudawa suna kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga aljihu da kabad, mu kuwa muna waje da bokiti muna shafe bango da farar ƙasa. Tun daga sama har ƙasa, shafi biyu. Ya sa aka rubuta a dokar gidan, duk wanda ke zaune a ciki sai ya fito, har Kiristocin. Hannuna ya yi ta tsagewa. Na ce, Papa, a wane littafi aka ce a yi wa bango tsarki? Ya ce, shafa dai, Hedi, kin bar wuri can."

"Mai addini ne sosai?"

"Wa? Mutumin da sai Mama ta ja shi yake zuwa majami'a sau biyu a shekara?"

"Yaushe aka daina?"

"Da ya rasu. Saba'in da ɗaya." Ta tura mini farantin. "Ci kek, kin cika tambaya."

Na hau sama da abin a raina. Mutumin da bai damu da ibada ba, ya sa gida guda aikin idi har shekara talatin. Idin Ƙetarewa a can Turai farkon bazara yake faɗowa, amma a nan Afrilu ne, sanyi na ƙofa. Na juya shi ta nan, na juya ta can, na kasa haɗa shi.

Washegari na hau taragon lantarki na tafi ofishin gunduma, ɗakin da suke ajiye tsofaffin zanen gine-gine. Ma'aikaciyar ta sa ni cike takarda uku, ta ba ni farar safar hannu kamar zan taɓa jariri, sannan ta kawo fayil. Ta ce ɗalibai kan zo su ga shafin farko su yi dariya su tafi. Na ce ni ba ɗaliba ba ce, ta buɗe duka.

Zanen gini bai da bambanci sosai da takardar da muke ɗorawa a kan yadi mu yanka. Kowacce tana da kibiya a gefe. Tamu tana nuna inda zare ya miƙe, tasu tana nuna arewa, kuma a duka biyun in ka saɓa wa kibiyar ka ɓata aiki. Shafin farko an yi shi a Fabrairu 1939. Na ƙirga, mako uku da saukarsa, tsakiyar zafi, lokacin da rana ke bisa kan mutum ba ta nuna gefen da ta fi so. Tsaf ya yi zanen, ko gogewa ɗaya babu. Babu bango a ciki.

Shafi na biyu an yi shi a Yuni na shekarar, gini ya riga ya kai rufi. Wannan kam hannun ya canza. An goge, an sake, an goge har takardar ta yi laushi. Na san irin wannan hannun, na wanda ya buɗe yadi mai tsada da safe ya ga jiya ya yanka hannun riga biyu duk na hagu. An zana gidan ta gefe kamar an tsaga shi, ga bangon ya bayyana a bayansa. Sai wani siririn layin fensir da ya gangaro daga sama ta arewa, ya haye rufin gidan, ya sauka a jikin bangon, ya karyo ya dawo ya shiga ta tagar falon ƙasa. A saman layin an rubuta 21 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu. A ƙarshensa, cikin ɗakin, an zana ƙaramin gado, da harafi ɗaya a kai.

Na tambayi ma'aikaciyar ko layin bututun ruwa ne. Ta ce ba ta sani ba, ita ajiya ce aikinta. Na sa ta yi mini kwafi, na fito. Taragonmu yana tsaye a wata mahaɗa a hanyar dawowa rana ta daki farar motar burodi da ke gefenmu, hasken ya faɗo mini a cinya, alhali ina zaune a gefen inuwa. Na ce "Kai!" da ƙarfi har mutumin da ke kusa da ni ya ja jakarsa.

Ban gaya wa Hedi ba. In na kai mata takarda za ta ce Papa ne da ƙarin wani shirmen. Sare yaɗon shekara arba'in kuwa ba aikin tsohuwa ba ne, ga shi sai kwamiti ya zauna. Sai na yi abin da na iya. Na fito da duk fararen zannuwan gadona, na roƙi na maƙwabta, na haɗa da ragowar bandir ɗin alawayyo da na taho da shi ranar da aka rufe wurin aikinmu. Kwana huɗu keken ɗinkina bai huta ba. Abin da ya fito ya kai taku takwas a faɗi, na ɗinka masa zobba a sama.

Ranar ashirin da ɗaya ga Yuni gari ya waye garau, sanyi kamar ya tsinke kunne. Na buga wa Kosta ƙofa ƙarfe goma.

"Ɗauko tsaninka."

"Kin zo sa hannu?"

"Na zo aron tsani, da mai hawansa."

Ya sauko yana mita. Da ya ga tulin yadin a tsakar gida sai ya riƙe ƙugu. "Shugaba, tutar miƙa wuya kika ɗinka? Ai da kin faɗa, hankici ma ya isa."

"Hau ta lungu ka ɗaura a saman bangon. Kada ka bari ya yi tattara."

"In na faɗo ki gaya wa Eleni ke kika kashe ni."

"Zan gaya mata, ta gode mini."

Ya ɗauke mu fiye da awa. Iska ta yi ta kumbura yadin, na ɗaure ƙasansa da tubala. Mutanen sama suka fito baranda cikin manyan riguna suna kallon ikon Allah. Har sha ɗaya da rabi girgije ya tsaya a arewa ya ƙi motsi, Kosta yana zaune a kan tsani yana tambayata ko mai rawa zai fito daga bayan labulen. In abin bai yi ba, na zama abin dariyar gidan, kuma nan da kwana tara zan sa hannu da bakina a rufe.

Sha biyu saura kaɗan girgijen ya ja gefe. Rana ta haye rufin gidanmu, ta bar tsakar gidan cikin inuwa kamar yadda ta saba, ta sauka a kan yadin daga tsayin ƙirjin mutum har sama. Sai da na kare idona. Na juya na dubi gidan. Fuskarsa ta kudu, wadda ban taɓa gani ba sai a dushe, ta yi haske tun daga ƙasa har baranda. Eleni ta leƙo daga sama ta ce, "Kosta, wa ya kunna fitila a falo?"

Kosta ya sauko daga tsanin a hankali, ya dubi yadin, ya dubi tagogin, ya ce, "Shege tsohon nan."

Ba ƙarfe huɗu ba ne, amma na buga ƙofar Hedi na shiga. Tana tsaye a tsakiyar falo da littafi biyu a hannu, kwalaye a buɗe a ƙasa. Hasken ya cika ɗakin har bangon ciki. Ba zafin rana ba ne, kada in yi ƙarya, wani farin haske ne mai laushi, amma har ƙurar kan piyano ana gani. Na miƙa hannu na kashe fitilarta, ba abin da ya ragu.

"Haka ɗakin nan yake da," in ji ta, ba ni take kallo ba. "Na ɗauka idona ne ya tsufa."

Na shimfiɗa kwafin a kan tebur, a kan takardar Kosta. Na ɗora yatsa a farkon layin na bi da shi, bisa rufi, jikin bango, cikin taga. Ta sa tabarau ta bi yatsana har ƙarshe, inda gadon yake da harafin H.

Ta zauna. "Sanyinmu na farko a ƙasar nan ciwon ƙirji ya kama ni. Da muka tare a nan sai ya fito da gadona falo, can jikin bangon can, ya ce likita ne ya ce. Duk lokacin sanyi nan nake kwana har na shiga sakandare." Ta sake duban takardar. "Ya sani ke nan. Tun kafin a sa ƙofofi ya sani."

"Ya sani, kuma ya gyara."

"Me zai hana ya faɗa? Kalma ɗaya, Fela. Ya ce, Hedi, na yi kuskure, ga maganinsa, riƙe buroshi. Da na shafa da murna."

"Ke kika ce ko gishiri ya zuba a kofi."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. Kosta ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce, "Mis Lanzer, ni dai gaskiya zan faɗa, zanin gado ba zai warkar da tarin Eleni ba."

Na ce, "Yaɗon nan ne ke riƙe laima a tsakar gidan, kai ma ka sani. Ba mu sanyi ɗaya. A sare, a shafe. In baɗi takalmanta sun sake yin kore, ni zan fara sa hannu."

"Sanyi ɗaya," in ji shi. "Kuma ba ni zan hau sama ba. Wane mara aikin yi ne ma ya shuka abin nan?"

"Ni ce," in ji Hedi.

Muka juyo muka dube ta.

"Wata uku da binne shi. Na sayo tushe shida na jera a gindin bangon, na ce ba ni ba farar ƙasa har abada. Ni na riƙa ba su ruwa." Ta cire tabaran ta goge idonta da bayan hannu. "Shekara arba'in da huɗu ina zaune cikin duhu ina zaginsa."

Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina da na zo da shaida. Ta ɗaga kwafin, ta zaro takardar da ke ƙasa, ta haɗa da alƙalamin ta miƙa wa Kosta.

"Riƙe kayanka, Mista Manolis. Kana da zarto?"

"Akwai, amma ki bari sai an kira masu aikin."

"Su yi sauran. Na farkon ni zan yi."

Ta sa babbar rigarta ta fita, muka bi ta. Ta ɗaga gefen yadin ta shiga ƙarƙashi, ta durƙusa da ƙyar a gindin bangon. Tushen ya kai kaurin damtsen Kosta. Ya kawo zarton, ya so ya karɓa, ta buge masa hannu. Ta daɗe tana ja, tana hutawa, tana sake ja, ni ina riƙe da kafaɗarta. Da tushen ya rabu ta janye ganyen da ke bayansa, sai ga tubalin, da sauran farar ƙasa a jikinsa, har sawun buroshi ana gani.

Ta shafa wurin da yatsa, ta gangaro ƙasa inda tubali ɗaya ya fito ja.

"Ga inda na bari," in ji ta.